Yadda ake auna ƙarfin jan ƙasa da zare, noti da agogon waya

Duk abin da aka rataya da zare, aka ja shi gefe kaɗan aka sake shi, zai yi ta lilo yana kaiwa yana komowa ta tsakiya. Dalili kuwa shi ne akwai ƙarfin da kullum yake jawo shi zuwa tsakiyar, kuma gwargwadon nisan da ya yi daga can, gwargwadon ƙaruwar wannan ƙarfi. Irin wannan motsi shi masana fizis suke nufi da kai-komo mai daidaito, kuma shi ne tushen karatun igiyoyin sauti da na haske da na rediyo. Ɗalibin da zai zauna jarrabawar WAEC ko NECO yana iya cin karo da shi a gwajin aikin hannu, amma ba sai ya jira ɗakin gwaje-gwaje na makaranta ba, domin kayan aikin suna nan a kowane gida.

Nemi zare siriri mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa, tsawonsa ya ɗan haura mita ɗaya, da noti na ƙarfe mai nauyi daga wurin bakanike, da tef na awo irin na tela, sai wayar da ke da agogon ƙidayar daƙiƙa. Ɗaure notin a ƙarshen zaren, ka rataya ɗaya ƙarshen a wurin da ba ya motsi, kamar ƙusar da aka kafa a saman ƙofa. Ya fi kyau a matse zaren tsakanin ƙananan katako biyu maimakon a naɗa shi a jikin ƙusa, saboda zaren da aka naɗa yakan zame yayin lilo, tsawonsa ya riƙa canjawa ba tare da an lura ba. A kashe fanka, a rufe taga, musamman a lokacin hunturu.

Awon tsawo shi ne wurin da mafi yawan ɗalibai suke ɓata aikinsu tun kafin su fara. Tsawon da ake nufi, wanda ake rubutawa da harafin L, yana farawa daga daidai inda zaren ya fito daga katakon, ya ƙare a tsakiyar notin. Ba ya ƙarewa a ƙullin zare, ba kuma a ƙasan notin ba. Wanda ya tsaya a ƙulli ya rage santimita ɗaya ko fiye a kowane awo, kuma wannan ragi zai bi shi har ƙarshen lissafi.

Fara da tsawon mita ɗaya. Bari notin ya tsaya cik, sannan ka yi alama da alli a ƙasa daidai ƙarƙashinsa. Ja shi gefe kamar santimita 8 zuwa 10 kawai, ka sake shi ba tare da turawa ba, kana lura kada ya riƙa zagaye kamar majaujawa. Idan ya fara haka, tsayar da shi ka sake. Ƙanƙantar wannan ja ba ƙa'ida ce ta banza ba. Lissafin da za mu yi amfani da shi yana aiki ne muddin kusurwar zaren ƙarama ce: a digiri 10 kuskuren bai wuce kashi 0.2 cikin ɗari ba, amma a digiri 30 ya kusa kashi 2 cikin ɗari, domin a nan ƙarfin da ke mayar da notin tsakiya ya daina tafiya daidai da nisansa.

Lilo ɗaya cikakke shi ne notin ya wuce alama zuwa dama, ya dawo ya wuce zuwa hagu, ya sake zuwa kan alamar yana fuskantar dama. Lokacin da wannan ya ɗauka shi ake kira T. Kada ka yi ƙoƙarin auna lilo ɗaya tak, domin tsakanin ganin ido da danna yatsa akwai jinkirin kusan daƙiƙa 0.2, wanda ya kai kashi goma cikin ɗari na abin da kake aunawa. Auna lilo 20 a jere, ka raba lokacin gida 20, sai jinkirin ya rarrabu ya zama ɗan mitsitsi. Danna agogon lokacin da notin yake wucewa ta kan alama, inda ya fi gudu kuma ido ya fi tantance shi, maimakon can gefe inda yake ɗan dakatawa. A daidai dannawar ka ce "sifili", ba "ɗaya" ba, in ba haka ba za ka ƙirga lilo 19 ka ɗauka 20 ne. Maimaita sau biyu ko uku ka ɗauki matsakaici.

Da zare mai mita ɗaya, lilo 20 zai ɗauki kusan daƙiƙa 40, wato T ya zama kusan daƙiƙa 2. Rage zaren zuwa santimita 80, sannan 60, sannan 40, kana maimaita awon. Ya kamata T ya fito kusa da 1.80 da 1.55 da 1.27. Lura cewa raba tsawo biyu ba ya raba lokaci biyu. Sai an mayar da zaren kashi ɗaya cikin huɗu, santimita 25, kafin T ya sauko daƙiƙa ɗaya, domin T sau T ne yake tafiya daidai da L. Daga nan lissafin ƙarfin jan ƙasa, wanda ake rubutawa da harafin g, ya fito: g = 4π² × L ÷ T², kuma 4π² ya kama 39.5. Idan L mita ɗaya ne, T kuma 2.01, to T² ya zama 4.04, g ya fito kusan 9.8, ma'ana gudun abin da ke faɗowa yana ƙaruwa da mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Hanyar da ta fi inganci, wadda kuma masu jarrabawa suke so, ita ce a zana jadawali da T² a tsaye da L a kwance, a ja miƙaƙƙen layin da ya fi dacewa da ɗigogin, a raba 39.5 da gangaren layin, wato ƙaruwar T² da aka raba da ƙaruwar L tsakanin wurare biyu a kan layin. Amfanin wannan hanya shi ne ko da an yi ragi iri ɗaya a duk awon tsawo, gangaren ba zai canja ba.

Kafin ka kwance zaren, ƙara noti na biyu a kan na farko, ka gyara tsawon zuwa tsakiyarsu, ka sake aunawa. Za ka tarar lokacin bai canja ba, haka nan idan ka ja santimita 5 maimakon 10. Wannan rashin damuwa da nauyi da faɗin lilo shi Galileo ya yi nazari a kansa wajen shekarar 1602, kuma a kansa ne Christiaan Huygens ya ƙera agogo mai lilo a 1656. A 1672 Jean Richer ya kai irin wannan agogo daga Faris zuwa Kayen a Kudancin Amurka, ya ga yana yin baya da kusan minti biyu da rabi a rana, saboda jan ƙasa ya fi rauni kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu: kusan 9.78 ne a can, 9.83 kuma a ƙuryar arewa da ta kudu. Ƙasar Hausa tana kusa da adadin farko, sai dai agogon waya da yatsa ba za su iya rarrabe wannan ɗan bambanci ba, don haka duk wanda ya samu tsakanin 9.6 da 10.0 ya yi aiki mai kyau.

Mataki na gaba shi ne ganin yadda lilo yake zama igiya, kuma a ganina babu bayanin allo da ya kai wannan gwaji. Huda ƙaramin rami a murfin gorar ruwa ta roba, yanke gindinta, ka kifa ta, ka cika da busasshen rairayi da aka tankaɗe. Rataya ta da zare biyu daga ƙusa biyu domin ta yi lilo a layi ɗaya. Shimfiɗa kwali a ƙasa, ka saki gorar, wani ya riƙa jan kwalin sannu a hankali da gudu ɗaya, ta gicciyen lilon. Rairayin zai zana layi mai lanƙwasa, tudu na bin kwari. Nisan tudu daga tsakiyar zanen shi ne girman igiyar, tazarar da ke tsakanin tudu da tudu kuma shi ne zangonta. Idan T daƙiƙa 2 ne kuma ana jan kwalin santimita 10 a daƙiƙa, zangon zai zama santimita 20. A ja da sauri ninki biyu, zangon ya koma 40, alhali lilon bai sauya ba.

Yawan lilo a daƙiƙa ɗaya, wato 1 ÷ T, shi ake rubutawa da f, ana auna shi da haz. Abin da kwalin ya nuna shi ne gudun igiya daidai yake da f sau zango, kuma wannan doka ta shafi kowace igiya. Sauti yana gudun kusan mita 343 a daƙiƙa cikin iska mai zafin digiri 20, saboda haka sauti mai haz 343 zangonsa mita ɗaya ne. Igiyar rediyo tana gudun haske, mita miliyan 300 a daƙiƙa. Mai sauraron gajeren zango da aka ce ya kama tasha a kan mita 31 zai iya raba miliyan 300 da 31 ya samu kusan megahaz 9.7, wato haz miliyan 9.7, tashar FM da ke kan megahaz 100 kuwa zangon igiyarta mita 3 ne.