Kafin ka ce "ni zan riƙe ta": inda masu karɓar manhajar da aka bari suke tuntuɓe

Akwai wata buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa zai iya ganin lambobin da aka rubuta ta da su ya kuma ba da gudummawa, da aikinka ya dogara da ita, sai ka lura an yi shekara biyu ba wanda ya taɓa ta. Koke-koke sun taru, facin da mutane suka aiko, wato gyaran lambar manhajar, yana nan jibge ba a duba ba. Zuciyarka ta ce ka karɓe ta. Niyya ce mai kyau, ina ma a samu irinka da yawa. Sai dai akwai ramukan da masu wannan niyya suke faɗawa, kusan guda ne kullum.

Mutane suna ɗaukar shiru a matsayin an yar da abu. Ba lallai ba ne. Wata manhajar kammaluwa ta yi, ba ta buƙatar ƙari. Wani mai kula kuma jinya yake, ko sabon aiki ya sha masa kai. Rubuta masa cikin ladabi, ka faɗi ko kai wane ne da abin da za ka iya ɗauka, ka ba shi makonni. In bai amsa ba, akwai hanyar da aka shimfiɗa. Debian, wani tsarin Linux, tana da jerin WNPP na manhajojin da ke buƙatar mai kula, inda ake sa wa ƙunshin manhajar da ya zama maraya alamar O, wanda mai shi ke neman magaji kuma RFA, kai kuma ka shelanta niyyarka da ITA. PyPI, rumbun ƙunshin manhajojin Python, tana bin ƙa'idar PEP 541 wajen miƙa sunan da aka bari. Bi ta ƙofa, kada ka haura katanga.

Babban ramin shi ne neman makulli kafin a san fuskarka. In ka ce a ba ka ikon fitar da sabon siga tun a saƙonka na farko, kada ka ji haushi idan aka yi maka kallon tuhuma, domin an sha wuya. A 2018 mai kula da ƙunshin event-stream a npm, rumbun ƙunshin manhajojin JavaScript, ya miƙa shi ga wani baƙo da ya yi tayin taimako, baƙon ya cusa lambar satar kuɗin bitcoin daga masu amfani da manhajar ajiyar bitcoin ta Copay. Na xz, manhajar matse fayiloli, ya fi ɗaga hankali. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana aiko gyare-gyare, wasu kuma suna matsa wa mai kula da ita, Lasse Collin, wanda nauyin ya yi wa yawa, cewa ya nemi mataimaki. Collin ya yarda da Jia Tan. A Maris 2024 wani injiniyan manhaja, Andres Freund, ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta SSH tana jinkiri da kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya tono ɓoyayyiyar ƙofa a siga 5.6.0 da 5.6.1. Bayan wannan, wa zai miƙa wa baƙo makulli da wuri? Fara da aikin da ba ya buƙatar izini: tantance koke-koke, maimaita matsalar da wani ya kawo don a tabbatar da ita, duba facin wasu, gyara bayanan amfani. In an ga hannunka wata da watanni, maganar makulli ba za ta yi wuya ba.

Sai zumuɗin rushewa a sake gini. Wannan ya taɓa ci na. Na karɓi wani ƙaramin ƙunshi, na ga sunayen wasu ayyuka a cikinsa ba su yi min ba, na sauya su, na fitar a matsayin ƙaramin gyara. Da safe na tarar da saƙonni daga mutanen da aikinsu ya tsaya cik, ɗaya ya kwana yana neman laifin a lambarsa. Har yau abin yana damuna. Layin da ka ga kamar shirme ne, sau da yawa wata tsohuwar matsala yake toshewa, don haka karanta tarihinsa kafin ka goge. Fitarwarka ta farko ta zama gyaran kurakurai zalla. Kuma ka girmama lambar siga: daga 2.4.1 zuwa 2.4.2 alkawari ne cewa ba abin da zai karye. In za ka karya, ka kira shi 3.0.0, ka sanar tun da wuri.

Lasisi kuwa ba naka ba ne don ka zama mai kula. Lambar da mutane suka bayar ƙarƙashin lasisin GPL ba za ka mayar da ita lasisin MIT ba sai da yardarsu, kuma sunayensu su zauna inda suke.

Wajen karɓar ragama, da yawa suna karɓar rabi. Sun samu ikon rubutu a GitHub, shafin da ake ajiye lambar manhajar, sun manta da asusun da ake wallafa ƙunshin, da makullin sa hannu, da sunan shafin da zai iya ƙarewa wani ya saye. Zauna da tsohon mai kula ku lissafa su ɗaya bayan ɗaya tun yana amsa saƙo, ka kunna tantancewa mai mataki biyu a kowane asusu.

Kada kuma ka maimaita abin da ya gajiyar da na gabanka, wato riƙe komai kai kaɗai. Rubuta a fili sigogin da kake tallafawa, da lokacin da za ka iya bayarwa, ko da awa biyu ne a mako. Nemi mutum na biyu da kuka daɗe kuna aiki tare, tun kana da ƙarfi. Ranar da ka ji ba za ka iya ba, sa sanarwa a saman shafin manhajar cewa kana neman magaji, ka amsa wa masu tayi, ka gwada su da ƙananan ayyuka kamar yadda aka gwada ka.