Yadda Za Ka Shirya Tafiyar Iyo da Nutso Zuwa Tsibiran Farasan

Yawancin Hausawan Jidda da Makka sun san Bahar Maliya ne daga bakin gaɓa kawai, inda ake shimfiɗa darduma da yamma a sha shayi, alhali abin kallon yana ƙarƙashin ruwan. Wanda yake so ya ga murjani da idonsa a wurin da babu cunkoso, ya nufi tsibiran Farasan, waɗanda ke kudu maso yammacin Saudiyya, kimanin kilomita 40 daga gaɓar Jazan, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sanya su cikin yankunan da ake kare halittunsu.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, domin da bazara zafi da gumin Jazan sukan hana mutum sakat. Wajajen Afrilu ake bikin kamun kifin harid, lokacin da yake tururuwa zuwa gaɓa, sai dai a makon masauki yakan yi wuya. Daga Jidda zuwa Jazan tafiyar kimanin kilomita 700 ce a mota, ko kuma ka hau jirgin sama. Daga tashar Jazan jirgin fito na gwamnati yana ɗaukar mutane da motoci kyauta, amma kyautar ce ke sa gurbi ƙarewa da wuri, musamman na mota, saboda haka ka yi rajista tun da sauran kwanaki, ka kuma riƙe iƙamarka, wato katin izinin zama, a hannu. Otal-otal ba su da yawa, ka kama ɗaki kafin ka ƙetare, kuma ka yi guzurin ruwan sha da lema, domin yawancin gaɓoɓin babu kanti, babu inuwa.

Abin da ya fi muhimmanci, wanda kuma mutanenmu suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne sabawa da kayan iyo tun kafin a shiga ruwa mai zurfi. Iyon kallo ba ya buƙatar komai sai tabarau na ruwa, da bututun numfashi, da takalman iyo, da rigar da ke hana nutsewa, kuma ko da ka iya iyo a kogin garinku ka sa rigar, domin teku yana da ja wanda ba a gani daga sama. Ka gwada tabarau ta hanyar ɗora shi a fuska ba tare da ɗaura igiyar ba, ka ja numfashi ta hanci. Idan ya manne, daidai yake da fuskarka. Masu gashin baki su sani ruwa yakan kutsa ta nan, kuma ɗan man Vaseline yana rage matsalar. Kafin ka jiƙa gilashin, ka shafa masa yawu ta ciki ka ɗauraye, ka ga ba zai yi hazo ba. Daga nan ka tsaya a inda ruwa ya kai ƙugu, ka sunkuyar da fuska, ka yi numfashi ta baki a hankali har zuciyarka ta kwanta. Idan ruwa ya shiga bututun, ka fesar da shi da ƙarfi sau ɗaya. Na ga wani abokin tafiyarmu ya firgita a daidai wannan mataki, ya miƙe tsaye a kan murjani, ya fito da tafin ƙafa yana jini, kuma sai da ya yi kwana uku yana ɗingishi. Murjani halitta ce mai rai, takawa tana kashe shi, kuma a tsakaninsa kifin dutse mai dafi yake ɓuya, wanda launinsa bai bambanta da dutsen ba. Kada ka taɓa komai, kada kuma ka shiga kai kaɗai.

Nutso da tukunyar iska kuwa sai da horo. Takardar shaida ta farko, irin ta ƙungiyar horar da masu nutso ta PADI, tana ba ka damar sauka zuwa mita 18, kuma ya fi sauƙi ka yi karatun a Jidda kafin tafiyar, inda makarantun nutso suke da yawa. A ƙarƙashin ruwa ba a riƙe numfashi ko kaɗan, ana toshe hanci a hura a hankali yayin sauka don daidaita kunne, ana kuma hawowa sannu a hankali tare da tsayawar minti 3 a zurfin mita 5, domin iskar naitirojin da ta taru a jiki ta fita. Ka tambayi mai jirgin ruwan da zai kai ka wurin nutso ko ya sami izinin masu gadin iyaka, ko kuma yana ɗauke da iskar oksijin ta gaggawa. Idan ya fara kame-kame, ka nemi wani.

Saboda wannan naitirojin ɗin ne ba a hawa jirgin sama sai bayan aƙalla awa 12 da nutso ɗaya, ko awa 18 idan an yi nutso da yawa, don haka ka ware ranar ƙarshe ta zama ta tudu. A ranar ka ziyarci gidan Rifa'i, wanda wani attajirin lu'ulu'u ya gina da duwatsun murjani, da Masallacin Najdi, da tsohon ƙauyen Ƙassar, idan kuma ka fita bayan sallar asuba kana iya yin katarin ganin barewar Farasan tana kiwo kafin rana ta ɗaga.