Yadda Ake Ɗaukar Sauti da Na'urar Samfila Domin Gyarawa a Kwamfuta

Samfila na'ura ce da ke ɗaukar guntun sauti, ta mayar da shi lambobi, ta ajiye shi, sannan a riƙa kunna shi ta hanyar danna maɓalli ko buga ƙananan faifan roba da ke samanta. Tun bayan fitowar E-mu SP-1200 a shekarar 1987 da Akai MPC60 a 1988, masu haɗa kiɗa suka rungumi irin waɗannan na'urori, kuma har yau akwai masu fifita su saboda daɗin sarrafa su da hannu da irin ɗanɗanon da suke bai wa sauti. Sai dai allon samfila ƙarami ne, yankan sauti daidai wa daida a kansa yana da wuya, shi ya sa da yawa suke ɗauka a na'urar su kai kwamfuta su gyara. Kwamfuta tana iya rage abin da ya yi yawa, amma ba ta iya dawo da abin da ya lalace lokacin ɗauka, saboda haka mafi yawan aikin yana kan abin da aka yi kafin a danna maɓallin ɗauka.

Da farko a duba inda sautin zai fito, domin shi ne zai nuna ramin da za a soka waya a ciki. Makirufo yana fitar da sigina mai rauni ƙwarai, don haka raminsa shi ne wanda aka rubuta MIC a kansa, yayin da kibod ko rediyo ko wayar salula ake haɗa su ta ramin LINE. Idan aka soka abu mai ƙarfin sigina a ramin makirufo, sautin zai fashe tun kafin na'urar ta mayar da shi lambobi. Makirufo irin na kondensa yana buƙatar wuta mai bolt 48, wadda ba kowace samfila ke bayarwa ba, sai a bi da shi ta mikisa, wato na'urar haɗa sautuka, mai bayar da ita. Injin faifan garmaho kuwa yana buƙatar nasa abin ƙara ƙarfi na musamman, in ba haka ba sautin zai fito siriri, babu kauri. A raba wayoyin sauti da wayoyin lantarki, kada su kwanta tare, saboda gurnanin nan mai hazi 50 ko 60 (hazi shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya) da ake ji a ƙasan wasu ɗauka sau da yawa daga nan yake shiga.

Mataki na biyu shi ne saita ingancin ɗauka, kuma lambobi biyu ne ke nan. Ta farko ita ce yawan lokutan da na'ura ke auna sauti a cikin daƙiƙa ɗaya. Faifan CD yana amfani da 44,100, wato kilohazi 44.1, kuma ƙa'idar ita ce na'ura ba ta iya riƙe sautin da tsininsa ya wuce rabin wannan adadi, wanda a nan ya kai kilohazi 22.05, ya ɗan zarce iyakar jin ɗan Adam. Idan sautin na bidiyo ne, an fi amfani da kilohazi 48. Lamba ta biyu ita ce bit, wato zurfin daidaiton kowane awo: kowane bit yana ƙara kusan desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na tazara tsakanin sauti mafi ƙarfi da mafi rauni, don haka bit 16 yana ba da kusan desibel 96. Idan na'urar tana da bit 24, a zaɓe shi. Tsofaffin na'urori ba su da wannan zaɓi. SP-1200 tana ɗauka ne da bit 12 a kilohazi 26.04, kuma duka ma'adanarta daƙiƙa goma take riƙewa, amma kaushin da hakan ke haifarwa shi ne ma abin da masoyanta ke nema. Sautin da ya fito daga makirufo ɗaya a ɗauke shi a layi ɗaya, domin ɗaukarsa a layi biyu, na hagu da na dama, ninka girman fayil kawai yake yi.

Daga nan sai daidaita ƙarfin shiga, wanda a ganina shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa gaggawa. A sa mai kiɗa ko mai magana ya yi abin da zai yi da iyakar ƙarfin da zai yi shi a lokacin ɗauka, ana kallon ma'aunin da ke kan allo, ana murɗa maɓallin ƙarfi a hankali har sai ƙololuwar sautin ta tsaya tsakanin desibel 12 zuwa 6 ƙasa da sifili. Sifili a na'urar dijital rufi ne da babu komai a bayansa. Duk abin da ya buge shi sai a sare masa kai, ya fito da ƙara mai kama da yagewar takarda, kuma manhajojin da ke iƙirarin gyara wannan ɓarna ƙiyasta abin da ya ɓace kawai suke yi. A ɗaya ɓangaren kuma, idan aka ɗauka da rauni sosai, ranar da aka ɗaga shi a kwamfuta zai taso tare da huci da ƙarar ɗaki. Masu kiɗa sukan buga da ƙarfi fiye da yadda suka yi a gwaji da zarar sun san ana ɗauka, shi ya sa ake barin wannan sarari. A riƙa saurare da hedifon, kada a dogara da ido kaɗai.

Yawancin samfila suna da tsarin da ke sa su fara ɗauka da kansu idan sauti ya kai wani mizani. Yana da amfani ga ganga, amma idan an ɗaga mizanin da yawa yakan cinye bakin sautin, wato ɗan bugun farko da ke sa kunne ya gane ko mene ne aka buga. Tunda dai za a yanke a kwamfuta, ya fi kyau a fara ɗauka da hannu daƙiƙa ɗaya kafin sautin, kuma kada a tsayar sai wutsiyarsa ta mutu gaba ɗaya. A kashe amsa-kuwwa da sauran kayan ado na cikin na'urar, sai fa idan su ake so, domin abin da aka gauraya da sauti ba ya fita. A maimaita ɗauka sau uku ko huɗu.

Kai sautin kwamfuta ya danganta da shekarun na'urar. Na zamani, irin su Roland SP-404, suna fitar da fayil a katin memori, wasu kuma ta wayar USB. A fitar da shi a tsarin WAV ko AIFF, a guji MP3 a wannan mataki saboda yana zubar da wani ɓangare na bayanan sauti. Minti ɗaya na WAV mai layi biyu a ingancin CD yana cin kusan megabait 10. Tsofaffi masu amfani da faifan fulofi sukan ajiye sauti a tsarin kamfaninsu wanda kwamfuta ba ta karantawa kai tsaye. Hanya mafi sauƙi ita ce a kunna sautin daga samfilar, a sake ɗaukarsa ta akwatin sauti da ke haɗe da kwamfuta.

Kafin a taɓa komai, a kwafi fayilolin asali a ajiye gefe, a ba kowanne suna mai ma'ana. Sannan a buɗe kwafin a manhaja irin su Audacity, wadda kyauta ce, a faɗaɗa hoton igiyar sautin sosai, a yanke a daidai inda igiyar ta ratsa layin tsakiya, domin yanka a wani wuri daban yakan bar ɗan ƙas da ake ji duk lokacin da aka kunna. Idan har yanzu ana jin sa, a sa sautin ya shigo ko ya fita a hankali na 'yan milidaƙiƙa. Bayan haka ne ake ɗaga ƙarfinsa zuwa kusan desibel 1 ƙasa da sifili. Wanda ke son sautin ya riƙa zagayowa ba tare da tuntuɓe ba sai ya yi lissafi: a gudun bugu 120 a minti, bugu huɗu suna cin daƙiƙa biyu cif, kuma tsawon yankan ke nan. Idan daga waƙar wani aka ciro guntun, sai an nemi izinin masu haƙƙinta kafin a fitar da aikin kasuwa.

Idan za a mayar da sautin cikin samfila, a duba littafin na'urar a ga tsarin fayil da take karɓa, domin wasu ba sa buɗe fayil mai bit 24, wasu kuma sukan kunna sautin da tsini ko kauri fiye da asalinsa idan adadin kilohazin bai dace da nasu ba.