Yadda za ka kai fim ɗinka waje daga nan Sakkwato, mu koya daga wani ɗan Burazil

Salamu alaikum 'yan'uwa, musamman ƙannena masu ɗaukar bidiyon biki da talla da waya ko 'yar kyamara. Tambayar da kuke yawan yi ita ce yaya mutum zai yi fim nashi na kanshi ba tare da ya zauna jiran wani furodusa ya kira shi ba, har kuma fim ɗin ya tsallaka a gan shi a wata ƙasa. To bari mu ɗauki hanyar mutum guda mu bi, don ni dai na fi gane abu in na ga wanda ya yi shi.

Karim Aïnouz sunan shi, an haife shi a 1966 a Fortaleza, wani gari a arewa maso gabashin Burazil, nesa da Rio da Sao Paulo inda kuɗin harkar fim suke, kamar dai yadda muke nesa da Legas. Uwar shi 'yar Burazil ce, uban shi ɗan Aljeriya. Zanen gine-gine ma ya fara karantawa a Brasilia kafin ya tafi New York ya karanta harkar sinima, ya yi ta yi ma wasu daraktoci yaron aiki yana taimakawa wajen editin. Amma ku lura da wanga, da ya tashi yin ɗan gajeren fim a 1993 kakar shi da 'yan'uwanta mata ya sa gaban kyamara suna ba da labarin aure da zaman duniya, yana Amurka amma kayan aikin shi daga gida ya ɗebo su. Dogon fim ɗin shi na farko sai 2002 ya fito anka nuna shi a bikin Cannes na Faransa, lokacin yana da shekara 36. Daga baya ya koma Balin ta Jamus da zama, a 2018 ya fitar da dokumentari kan 'yan gudun hijira da anka tsugunnar a tsohon filin jirgin Tempelhof, a 2019 kuma ya ci babbar kyautar sashen Un Certain Regard a Cannes da fim ɗin da ya koma Burazil ya ɗauka da harshensu. A 2019 ɗin dai ya je Aljeriya ya tarar ana zanga-zanga, ya ciro wayar hannu ya bi wata matashiya yini guda yana ɗauka, fim ɗin kuma anka nuna shi a bikin Balin na 2020. Da waya fa, irin wadda ke aljihunka.

To abu na farko, ka zaɓi labarin da kai kaɗai ke da ƙofar shiga cikin shi. Wallahi wanga shi ne jarin da muke da shi kuma shi muka fi rainawa. Yaro zai zo maka da sikirif na 'yan fashi da bindiga da mota baƙa, alhali mahaifin shi majemi ne, a gaban shi ake jeme fatar jar akuyar Sakkwato wadda tun zamanin ayari ake ketare Sahara da ita har Turawa sunka riƙa kiranta fatar Maroko. Akwai maƙeran Asada, akwai masu fiton kaya tsakanin Illela da Ƙonni, akwai manoman fadama da rayuwarsu ke rataye da ruwan da ake saki daga dam ɗin Goronyo, akwai 'yan dambe, akwai tsofaffin mata malamai masu karantar da mata cikin gida tun tsarin 'yan taru na Nana Asma'u. Amma kada ka ce za ka yi fim kan "jima" ko "noma" gaba ɗaya, wannan rahoton talabijin ne. Mutum ɗaya za ka nema wanda ke son wani abu kuma wani abu ya tare mishi hanya, misali dattijon majemi da ke son ɗan shi ya gaje shi shi kuwa yaron kabu-kabu yake so, to nan fim yake. In kana buƙatar sanin tushen abu ka leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu ko ka samu malaman sashen Hausa da na tarihi a jami'ar Ɗanfodiyo, mutane ne masu son a tambaye su.

Ka fara da gajere. Minti goma zuwa sha biyar ya isa, gasar gajerun finafinai ta Cannes ma ba ta karɓar abin da ya wuce minti 15. Gajeren fim da ka gama ya fi dogon fim guda biyar da ke cikin kanka, don duk inda za ka nemi tallafi abin da za su fara cewa shi ne turo mana aikin da ka yi a baya.

Yanzu maganar ɗauka, nan zan ɗan daɗe don nan ne aikin yaranmu ke lalacewa. Sauti ya fi hoto muhimmanci, ku yarda da ni. Mai kallo zai haƙura da hoto mai ɗan duhu amma ba zai haƙura da magana da ba ya ji ba, kuma garinmu ga ƙarar babur ga janareta ga iskar hunturu tana busa cikin makirufo. In kuɗinka kaɗan ne ka bar sayen sabuwar kyamara ka sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga da abin kare iska, ka sa mutum guda aikin shi kawai ya sa iyafis a kunne yana saurare, da ya ji ƙara ya ce a tsaya. Kafin ku tashi daga kowane lokeshan kowa ya yi shiru a ɗauki sautin wurin na minti guda, ranar editin za ka gode ma Allah da ka yi haka don da shi ake cike giɓi tsakanin magana da magana. Wani ɗan Burazil ɗin na da, Alberto Cavalcanti, wanda anka haifa a Rio a 1897, da tsara ɗakin wasa ya fara a Faransa, da ya koma Ingila a 1934 kuma aikin sauti na daga cikin abin da ya ɗaga sunan shi, ka ga ashe ba dole sai ta kujerar darakta ake shiga ba.

Haske kuma, ranar Sakkwato ba ta da sauƙi, daga ƙarfe sha ɗaya zuwa uku fuska ƙonewa take a kyamara ido ya zama rami, ga waya ta ɗau zafi ta kashe kanta musamman watan Afirilu. Ku fita bayan asuba, ku dawo bayan la'asar, tsakar rana a shiga zaure ko ƙarƙashin dogon yaro. Fawa bank biyu aƙalla, sannan duk daren Allah a kwafe abin da anka ɗauka a had disk biyu, ɗaya ya kwana wani gida daban. Na editin akwai DaVinci Resolve kyauta ake sauke shi in kwamfutarka na da ƙarfi.

Kafin ka ɗaga kyamara ka je ka gaida mai unguwa ko hakimi ka faɗi mi ya kawo ka, ranka ya daɗe ga abin da muke son yi ga kuma inda za a nuna shi. In aikin na cikin gida ne wajen mata to ka nemi mace ta riƙe kyamara, kuma 'yan'uwa mata wagga dama taku ce don akwai labaran da namiji ba zai taɓa kaiwa gare su ba. Duk wanda ya fito a fim ɗin ka rubuta takardar amincewa da Hausa a karanta mishi ya sa hannu ko ya dangwala, ba don Turawa za su tambaya kawai ba ko da yake za su tambaya, haƙƙin mutum ne ya san fuskar shi za ta je ƙasar da bai sani ba. Haka waƙa, kada ka ɗauko waƙar tsofaffin makaɗan fada ka liƙa don ta yi daɗi, suna da magada, ko ka nemi izini a rubuce ko ka samu mai kalangu ko mai gurmi ya kaɗa maka sabo ka biya shi.

Ka yi fim ɗinka da Hausa, da Sakkwatancinmu ma in haka mutanen ke magana, sai ka sa fassarar Turanci a ƙasan allo. Nan kada ka yi rowa, ka samu wanda ya iya harsunan biyu da gaske, layi biyu gajeru a lokaci guda, don fassara mara kyau tana mayar da maganar dattijo mai hikima ta zama shirme a idon alƙalan gasa. In bikin finafinai na Wagadugu ta Burkina Faso kake hari ka ƙara ta Faransanci, ga 'yan'uwanmu nan Ƙonni da Maraɗi.

Da ka gama kada zumuɗi ya sa ka ɗora shi a YouTube ko TikTok, manyan bukukuwa da yawa ba su karɓar fim ɗin da ya riga ya hau intanet. Ka ajiye shi a Vimeo, shafin ɗora bidiyo, da kalmar sirri, ka buɗe akawun a FilmFreeway inda akasarin bukukuwa ke karɓar aiki. Wasu kyauta ne wasu da dala, kuma ba laifi ka tura imel cikin ladabi ka ce daga Najeriya kake a yafe maka kuɗin shiga, wasu na yafewa. A kula da bukukuwan bogi masu karɓar kuɗi su turo maka hoton lambar yabo ba tare da sun nuna ma kowa fim ɗin ba, ka duba ko suna da sinimar da suke nunawa da jerin finafinan bara. Na kusa da mu akwai Zuma a Abuja da AFRIFF a Legas, sai FESPACO ta Wagadugu da anka faro tun 1969 ana yinta duk bayan shekara biyu, wadda Oumarou Ganda na Nijar ya fara cin babbar kyautarta a 1972.

Kuɗi kuma, su ma 'yan Burazil ɗin haɗa-haɗa suke, kaɗan daga gida kaɗan daga gidauniyoyin Turai. Akwai Hubert Bals Fund na bikin Rotterdam a Holan mai tallafa ma rubuta dogon fim, akwai IDFA Bertha Fund a Amsterdam na masu dokumentari, akwai World Cinema Fund na bikin Balin, sai Berlinale Talents da ke tara matasa wajen 200 duk Fabrairu, da Durban FilmMart a Afirka ta Kudu inda ake haɗa masu labari da masu kuɗi. Dukkansu takardu kusan iri ɗaya suke nema, labarin cikin jimla ɗaya ko biyu, taƙaitaccen shi a shafi guda, bayanin dalilin da ya sa kai ne ya dace ka yi wanga fim, bajet na gaskiya, da aikinka na baya. Ka rubuta su yanzu ka ajiye a folda kana gyarawa, kada ka jira sai saura kwana biyu a rufe ga netwok na wasa da kai. Za a ƙi ka sau da yawa, kowa haka yake sha, in sun turo dalili ka karanta shi da kyau ka gyara ka sake turawa zagaye na gaba.

Kuma ku sani fita waje ba darakta kaɗai ke yinta ba. Fim ɗin C.J. Obasi na Najeriya da anka nuna a bikin Sundance na Amurka a 2023, mai ɗaukar hoton shi Lílis Soares 'yar Burazil ce, anka ɗauke shi a Jamhuriyar Benin, ita ce kuma ta ci kyautar ɗaukar hoto a Sundance ɗin. In kai kyamara ka iya ko editin ko sauti to ka tsaya kan shi ka ƙware, ka haɗa 'yan guntayen aikinka mafi kyau na minti biyu ka riƙa turawa.

Saura takardu. Ka yi fasfo tun yanzu, don gayyata kan zo saura 'yan makonni, ga layin biza, in ba ka da fasfo ta wuce ka. Ka yi ma ɗan kamfaninka rajista da CAC ka buɗe mishi akawun na banki, gidauniyoyi da dama kamfani suke tura ma kuɗi. In Allah Ya sa wani furodusa na waje ya ce ku haɗa gwiwa, kada ka sa hannu a kwantiragi sai lauya ya karanta maka, ka tabbata an rubuta kason kamfaninka cikin mallakar fim ɗin, da wa ke da maganar ƙarshe a kan editin, da shekara nawa suke riƙe da haƙƙin sayarwa, sannan ka roƙi a bar maka haƙƙin nuna shi a Najeriya da Nijar don mutanen da sunka ba ka lokacinsu da labarinsu su samu su gan shi a unguwarsu ba sai sun jira izinin wani kamfani a Turai ba.