Yadda Ake Zagaya Kudancin Malta a Wuni Ɗaya

Malta ƙaramar ƙasa ce a tsakiyar Bahar Rum, kudu da tsibirin Sisili, faɗinta duka murabba'in kilomita 316. Ƙanƙantarta kan ruɗi baƙo ya jera wurare bakwai ko takwas a rana guda, ya ƙare a tsaye a tashar bas. A gaɓar kudu rana da teku ne ke tsara maka wuni: kifi da sassafe ake samunsa, hasken kogo kafin azahar, jirgin ruwa kuwa sai in iska ta yarda.

Kafin ka bar gida

Malta na cikin yankin Shengen tun 2007, don haka mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya nemi biza. Kuɗinsu Yuro ne, kuma ka riƙe 'yan canji a aljihu, don a kasuwa da bakin ruwa ba kowa ke karɓar kati ba. Tuƙi a hannun hagu suke yi kamar Ingila. In ba ka saba ba, ka haƙura da hayar mota, ka haɗa bas da tasi. Ka zaɓi Lahadi, ranar babbar kasuwar kifi, sannan a daren Asabar ka duba hasashen iska.

Mataki na farko: Marsaxlokk da sanyin safiya

Ana kiran garin “Marsashlok”, haka za ka faɗa wa direba. Daga tashar Valletta, babban birnin ƙasar, bas mai lamba 81 ko 85 za ta kai ka. Ka isa kafin ƙarfe takwas. A lokacin masu abinci da matan gari ke cinikin kifi, ana zuba ƙanƙara a kan tebura, ƙamshin teku bai gauraya da na man shafawar 'yan yawon buɗe ido ba. Daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen shekara za ka tarar da lampuki, kifin da mutanen Malta ke ji da shi. Da rana ta take kuwa sai rumfunan riguna da tsarabar baƙi su rinjayi na kifi, cunkoso ya hana ka ganin komai.

Ka taka bakin ruwa ka kalli luzzu, jiragen masunta masu fentin shuɗi da rawaya da ja da kore. Ka matsa kusa da goshin ɗaya: za ka ga idanu biyu a sassaƙe, ɗaya a kowane gefe, har da gira, al'adar da ake dangantawa da Finisiyawa, 'yan kasuwar teku na dā. A wannan mashigin ruwan ne George Bush babba da Mikhail Gorbachev suka gana a cikin jirgi a Disamban 1989, guguwa ta dagula musu tsarin taron. Teku da ya yi wa shugabannin Amurka da Tarayyar Sobiyet haka ba zai ji kunyar tikitinka ba.

Mataki na biyu: kogon Blue Grotto kafin azahar

Nan kada ka yi rowa. Bas tsakanin wuraren biyu sai da canji, lokacin da za ka ɓata kuma shi ne na hasken da ka zo nema. Ka kira tasi ta Bolt ko eCabs, ka ce Wied iż-Żurrieq, mashigin ruwan da ake hawa kwalekwalen zuwa kogon. Ka roƙi direba ya ɗan tsaya a wurin leƙe da ke saman hanya kafin gangara; daga nan ake ganin babban dutsen mai siffar baka gaba ɗayansa, da tsibirin Filfla can nesa, wanda doka ta hana sauka a kansa saboda tsuntsaye da sauran halittun da ke ciki.

A ƙasa za ka sayi tikiti, a ba ka rigar kariya, ka shiga ƙaramin kwalekwale mai inji. Zagayen bai kai rabin awa ba, ana shiga kogo a fita a faɗa wani. Da hantsi rana ke haska bakin kogunan, hasken ya bugi farin yashin ƙasa ya dawo, ruwan ya yi shuɗi shar. Ka tsoma hannunka, za ka ga shi ma ya rine. Bayan ƙarfe ɗaya inuwa ta rufe wurin, sai dutse da ruwa kawai. Wayarka ka ɗaure ta a wuyan hannu, kuma in jirgi kan sa ka jiri, kada ka cika ciki a Marsaxlokk.

In ka tarar an dakatar da jirage saboda igiyar ruwa, kada ka tsaya magiya. Ka juya zuwa Għar Dalam kusa da Birżebbuġa, kogon tudu mai zurfin mita 144, ko da yake kusan mita 50 na farko kaɗai ake shiga. A nan aka tono ƙasusuwan ƙananan giwaye da dorinar ruwa, suna jere a gidan tarihin da ke ƙofar.

Mataki na uku: Ħaġar Qim da Mnajdra

Ka ci abincin rana a bakin mashigin Wied iż-Żurrieq. Kifi ne mafi sauƙi ga Musulmi, amma ka tambaya ko an zuba giya a miyar, don da ita suke dafa zomo da wasu abincin teku.

Daga nan hawa ne, bas mai lamba 74 ko 201 za ta rage maka shi. Waɗannan wuraren ibada na dutse an fara gina su tsakanin 3600 da 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun girmi dalar Giza ta Masar, kuma suna cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO. Akwai dutse guda a Ħaġar Qim mai nauyin kusan tan 20. An yi musu rumfa a 2009 don ruwa da iska na cin dutsen. Mnajdra na gangare, tafiyar mita 500 ba inuwa, saboda haka ka tanadi ruwa da hula. Dawowar ce ke sa haki.

Bas 74 za ta mayar da kai Valletta. Wanda bai samu inda ya yi salla a hanya ba, babban masallacin ƙasar na Paola, tafiyar 'yan mintuna a tasi daga Valletta.