Yadda Ake Amfani da Ƙudan 'Ya'yan Itace Wajen Nazarin Bakteriyar Hanji

Hanjin ɗan Adam yana ɗauke da ɗaruruwan nau'o'in bakteriya, saboda haka da wuya a gane wacce ke yin wane aiki. Ƙaramin ƙudan nan mai jan ido da ake kira Drosophila melanogaster kuwa, 'yan nau'o'i kaɗan ne ke zaune a hanjinsa, galibinsu daga dangin Lactobacillus da Acetobacter, kuma a zafin digiri 25 na ma'aunin Celsius yana tasowa daga ƙwai zuwa cikakken ƙuda cikin kwana 10 kacal.

Da farko za a samar da ƙudan da babu bakteriya a jikinsa. Ana barin ƙudaje su yi ƙwai a kan farantin agar (wani daskararren abu mai kama da jeli) mai ruwan inabi, a kwashe ƙwan da ɗan burushi mai laushi, a tsoma su cikin ruwan bilic da aka sirka na 'yan mintuna har ɓawon waje ya narke. A kan wannan ɓawon ne uwa take barin bakteriyarta, tsutsa kuma ta ci idan ta ƙyanƙyashe. Sai a ɗauraye da etanol da ruwan da babu ƙwayar cuta a cikinsa, a zuba a kwalbar abincin da aka dafa da tururi a digiri 121. Sai dai bilic ba ya taɓa Wolbachia, wata bakteriya da ke ɓoye a cikin ƙwan kansa, don haka maganin tetracycline ake fara ba iyayen.

Daga nan a raba ƙwan kashi uku: na farko a bar shi haka, na biyu a ɗiga masa nau'in bakteriya guda da aka sani, na uku kuma a mayar masa da dukkan bakteriyar da ƙuda ya saba da ita.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne abinci, kuma a ganina nan ne gwaji yake gyaruwa ko ya lalace. Idan yis ya wadata, tsutsar da ba ta da bakteriya za ta girma kusan daidai da 'yan'uwanta, mai bincike ya ɗauka babu wani bambanci. Idan aka rage yis ɗin, sai bambancin ya fito fili. A 2011 rukunin François Leulier a Faransa ya nuna cewa Lactobacillus plantarum ita kaɗai tana hanzarta girman tsutsa a kan abinci maras ƙarfi, a shekarar kuma rukunin Won-Jae Lee a Koriya ta Kudu ya danganta Acetobacter pomorum da aikin insulin a jikin ƙudan.

Kullum a rubuta ranar da kowace tsutsa ta hau bangon kwalba ta shiga kwanso, daga baya a auna nauyi da kitsen jiki. Kafin a amince da sakamako, a niƙa 'yan ƙudaje daga kashin farko a shafa a farantin MRS, wato agar mai abincin da ake rainon bakteriya a kai. Idan wani ɗigo fari ya tsiro bayan kwana biyu, bakteriya ta kutsa, dole a sake aikin tun daga ƙwai.