Kansa (cutar daji) a ƙashi: kurakuran da muke yi wajen hoto

Dattijo ya yunƙura zai tashi daga tabarma, cinya ta ɓalle, ba faɗuwa ba hatsari, sai a kwashe shi sai gidan mai ɗori. Jama'a ƙashi lafiyayye ba ya karyewa haka kawai, wataƙila kansa ce ta ci shi, a fara kai shi hoto a asibiti.

To an yi eksire an ce ba komai, sai kowa ya koma gida da man zafi. Eksire fa ba ya nuna ɓarna sai ƙashin ya zagwanye da kamar kashi 30 zuwa 50 cikin 100, in ciwon ya ƙi tafiya, musamman mai hana barci da dare, a koma wajen likita a nemi MRI ko sikanin ƙashi, hotunan da suka fi eksire gani.

Babban kuskuren kuma, a yi ta ɗaukar hoton inda ke ciwo kawai ana ƙona kuɗi. Yawanci kansar da ke ƙashi baƙuwa ce, daga wani wuri ta taso: mama, furostet ɗin maza da ke ƙarƙashin mafitsara, huhu, ƙoda ko tayirod da ke wuya. Shi ya sa likita zai rubuta hoton CT na ƙirji da ciki da ƙugu alhali baya ke ciwo, sai ka ji ƴan uwa na gunaguni wai so ake a ci kuɗinsu. Wallahi ba haka ba ne, gidan da baƙuwar ta fito ake nema, don maganin ta mama daban, na ta furostet daban. A haɗa da awon PSA (awon jini na furostet) in namiji ne, mace kuma hoton mama, sannan a auna ƙoda kafin a ɗura ruwan allurar CT.

Kar kuma a ga tabo a sikanin ƙashi a fara koke-koke. Tsohuwar karaya na haskawa, sanyin gaɓɓai ma haka, cutar tibin (TB) ƙashin baya da muke da shi da yawa a nan yana kama da kansa sosai a hoto. Mayaloma kuma, wato kansar ɓargo, takan ɓuya wa sikanin, sai awon jini ke tona ta. Tsokar da aka ɗiba aka kai lab ita ke yanke hukunci, kuma bayan hotuna ake ɗibarta.

Tsofaffin fim da sidi na hotunan asibiti kar a bar su ƙarƙashin katifa, a riƙa zuwa da su duk ranar ganin likita. In kuwa ƙafafu suka fara mutuwa ko fitsari ya ƙi riƙuwa, kar a jira ranar kilinik, a tafi imajensi a daren, MRI na ƙashin baya ake buƙata da gaggawa.